Lambar jarumin masana'anta: ƙarfen kaɗan ne, sunan da ke jikinsa shi ne dukiya

A ƙasar Mallawa, wadda a da take cikin gundumar Magarya, tun shekara ta 2011 kuma ta koma cikin gundumar Dungas, da wuya a sami unguwar da babu wani tsohon akwatin ƙarfe da kaka ya rasu ya bari. Idan aka buɗe shi, akan tarar da takardun haraji da suka yi ja saboda daɗewa, da layu, da tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa. Wani lokaci kuma akan tarar da ɗan ƙarfe kewayayye mai kamar dala, rataye da guntun ƙyalle wanda ya koɗe. Yara su yi wasa da shi, ko uwargida ta ƙulle shi cikin tsumma ta manta. Ranar da dillalin tsofaffin kaya ya biyo ta garin, sai ya taya da kuɗin goro, a sallama masa, ya wuce da abinsa Maigatari ko Kano. Daga nan ba mai sake jin ɗuriyarsa.

Wannan ɗan ƙarfe shi ne lambar girma, wadda hukuma ke rataya wa mutum a ƙirji domin shaida wani aiki da ya yi. Galibin waɗanda ake gani a jahar Damagaram na mazan jiya ne, wato sojojin da Faransa ta ɗiba lokacin yaƙe-yaƙenta. Amma akwai wata irin lamba wadda ba ta soja ba ce, wadda kuma masu tara kayan tarihi a ƙasashen Turai suke nema ruwa a jallo. Ita ce wadda aka bai wa farar hula, leburori da masu gyaran inji da direbobin jirgin ƙasa, waɗanda suka kutsa cikin wuta domin ceton abokan aikinsu sa'ad da masana'antun makamai suka fashe a zamanin yaƙin duniya. Labarin waɗannan lambobi ya cancanci a kawo shi ga masu karatu, domin yana nuna inda darajar irin wannan abu take. Yana kuma tuna wa mutanen bakin iyaka da wasu ma'aikata nasu, waɗanda suka yi wa yaƙin nan bauta, ba a kuwa rataya musu kome ba.

MASANA'ANTA TA ZAMA FAGEN FAMA

Yaƙin duniya na farko ya ɓarke cikin shekara ta 1914. Kafin shekara ta zagayo, sojojin Ingila suka ga harsashin igwa yana neman ƙare musu. Saboda haka, cikin 1915, gwamnati ta kafa ofishin minista na musamman domin ƙera makamai, ta damƙa shi a hannun Lloyd George. Aka giggina sababbin masana'antu cikin gaggawa, wasu tsofaffi kuma aka juya su ga aikin nakiya. Da yake maza sun tafi bakin daga, mata dubu ɗaruruwa ne suka shiga aikin ɗura nakiya cikin harsashi.

Nakiyar da aka fi aiki da ita ana kiranta T.N.T. Guba ce, takan rina fatar mai aiki da gashinsa su koma rawaya, takan kuma ci hanta har ta kashe. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wuta. Shi ya sa aka hana shiga da ashana ko taba, aka hana mata sa tsinken ƙarfe a kai, aka hana takalmi mai ƙusa, don kada tartsatsi ya tashi. Wanda aka kama da ashana cikin aljihu akan kai shi gaban alƙali. Duk da haka, inda aka jibge nakiya mai yawa, ana kuma aiki dare da rana, kuskure guda ya isa.

A Faransa, ranar 1 ga watan Mayu 1916, wata masana'antar nakiya ta fashe a La Pallice, kusa da birnin La Rochelle, mutum sama da 170 suka hallaka. A Ingila kuwa, daren 5 ga watan Disamba na wannan shekara, wani ɗakin ɗura harsashi ya tashi a Barnbow, kusa da Leeds, mata 35 suka rasa rayukansu. Wani mai gyaran inji, William Parkin, ya yi ta komawa cikin hayaƙi yana fito da waɗanda suka yi rauni. Hukuma ta hana jaridu faɗin abin da ya faru don kada abokan gaba su ji, sai bayan yaƙi jama'a suka san gaskiyar lamarin. Tukwicin da Parkin ya samu shi ne agogon azurfa da aka yi wa rubutu a jiki.

DAREN SILVERTOWN DA RANAR CHILWELL

Silvertown unguwar talakawa ce a gabashin birnin Landan. A tsakiyar gidajen mutane kamfanin Brunner Mond yake da masana'anta, wadda tun 1915 gwamnati ta sa ta tace T.N.T. Ranar 19 ga watan Janairu 1917, da almuru, wuta ta kama a ɗakin narkarwa. Babban masanin sinadarai na wurin, Andrea Angel, wanda ya baro aikin koyarwa a Oxford domin taimakon ƙasarsa, yana da halin ya tsira da ransa. Sai ya tsaya yana korar ma'aikata waje, yana taimakawa ga kashe wutar. Wani ma'aikaci, George Wenborne, shi ma ya tsaya. A bakin ƙofa kuma wani ɗan sanda, Edward Greenoff, ya ƙi barin wurin, yana gargaɗin masu wucewa su yi nisa. Saura minti takwas ƙarfe bakwai ta cika, nakiya wajen tan 50 ta fashe. Mutum 73 suka mutu, fiye da 400 suka yi rauni, gidaje wajen 900 suka rushe ko suka lalace yadda ba su zaunuwa. Angel da Wenborne sun mutu a wurin, Greenoff ya cika bayan ƴan kwanaki. Dukansu uku an ba su lamba bayan ransu: biyun farko Lambar Edward, ɗan sandan kuma lambar sarki ta ƴan sanda.

Haɗarin Chilwell, kusa da Nottingham, ya fi wannan cin rai. Ranar 1 ga watan Yuli 1918, nakiya tan 8 ta fashe, mutum 134 suka mutu, 32 kaɗai aka iya gane gawarsu. Sauran aka rufe su cikin kabarin bai ɗaya a ƙauyen Attenborough. Manajan wurin, Arthur Bristowe, ya shiga inda nakiya ke ci da wuta, ya hana wutar kaiwa ga sauran, aka ba shi Lambar Edward. Jaridu suka ce kawai ana tsoron mutum 60 sun mutu a wata masana'anta, ba su ambaci sunan garin ba. Washegari ma'aikatan da suka tsira suka koma bakin aiki.

Yaƙin duniya na biyu shi ma ya bar irin wannan labari. Daren 2 ga watan Yuni 1944, wani jirgin ƙasa ɗauke da bama-bamai cikin tarago 44 yana gab da shiga garin Soham, sai direba, Benjamin Gimbert, ya waiga ya ga taragon farko yana ci da wuta. Ya tsayar da jirgi. Mai zuba masa gawayi, James Nightall, saurayi ɗan shekara 22, ya sauka ya kwance taragon daga sauran, ya koma cikin inji. Suka ja shi gaba shi kaɗai domin su fitar da shi bayan gari. Ba su yi nisa ba ya fashe. Nightall ya mutu nan take, mai ba jirgi hannu, Frank Bridges, ya cika daga baya, Gimbert ya tsira da munanan raunuka. Tashar jirgi ta rushe, amma garin ya kuɓuta, domin da wutar ta kai ga sauran taragon da ba a bar kome tsaye ba. An bai wa Gimbert da Nightall lambar George Cross.

IRIN LAMBOBIN DA AKE BAYARWA

Yabon gwani ya zama dole, amma hukumomi sun daɗe ba su ga gwani sai cikin kakin soja. Faransa ta fara gyara wannan cikin 1820, da ta ƙirƙiro lambar da yau ake kira Médaille d'honneur pour acte de courage et de dévouement, domin wanda ya sayar da ransa wajen ceton wani. Ingila ta kafa Lambar Albert cikin 1866 domin ceto a teku, ta faɗaɗa ta zuwa tudu cikin 1877. Sai cikin 1907 Sarki Edward na bakwai ya kafa lamba ta musamman domin masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse, cikin 1909 kuma aka buɗe wani reshe nata domin ma'aikatan masana'antu. Ita ce Lambar Edward. Hawa biyu gare ta, ta azurfa da ta tagulla, ƙyallenta shuɗi ne mai duhu da rawaya a gefe. Akan zana sunan mai ita a bakinta.

Ba a bayar da ita da sauƙi ba. Reshen ma'adinai an bayar da shi sau 395, reshen masana'antu kuwa sau 188 kawai: 25 na azurfa, 163 na tagulla, biyu tak daga ciki aka bai wa mata. Cikin 1917 kuma aka fito da wata lamba ta daular Ingila, wadda ma'aikata da yawa, maza da mata, suka samu. Sai dai ita wannan an raba ta babu suna a jiki, wanda ya so shi ke kai tasa ga maƙeri a zana masa. Ranar 24 ga watan Satumba 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan Landan, Sarki George na shida ya kafa George Cross, wadda ta zama babbar lambar jaruntaka ta farar hula. Cikin 1971 aka gayyaci masu Lambar Albert da Lambar Edward da ke raye su musanya nasu da ita.

ABIN DA MAI TARAWA YAKE SAYE

Yawancin masu waɗannan lambobi sun ƙare, sai jikoki. Wasu iyalai sun riƙe nasu, wasu sun kai gidan tarihi, wasu kuma larura ta sa sun sayar. Ta haka aka sami kasuwa. A Landan akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans, waɗanda ke buga littafi kafin ranar ciniki, da hoton kowace lamba da tarihin mai ita. Lambar Edward, wadda faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, takan kai dubban fam na Ingila, wato miliyoyin sefa. George Cross ta fi haka nesa. Cikin 2015 an sayar da lambobin Violette Szabo, wata mace da ta yi aikin asiri a Faransa lokacin yaƙi na biyu, a kan fam 260,000, saboda akwai George Cross a cikinsu.

Azurfar da ke cikin lamba ba ta kai ta munduwa guda ba. To, me ya sa ake zuba mata wannan dukiya? Wanda ya lura da yadda mai tarawa ke aiki zai gane. Da farko yakan ɗauki tabarau mai ƙara girma ya duba sunan da ke bakin lambar, ya ga ko zanen na asali ne, ko kuwa an kankare wani suna an sa wani. Sa'an nan ya nemi jaridar gwamnati, London Gazette, inda aka buga sunan mutumin da bayanin abin da ya yi. Bayan haka ya tambayi abin da ya zo tare da ita: ɗan akwatinta, wasiƙar da hukuma ta aiko, hoton mai ita, guntun jarida. Yakan so a ba shi jerin hannuwan da ta bi tun daga mai ita har zuwa ranar ciniki. Ba ya son a goge ta da yashi ko toka, ba ya son a canza tsohon ƙyalle, ba ya son a raba lambobin mutum guda a sayar ɗaya-ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara kuɗi, rashinsa kuma yana ragewa.

A nan ne bambancin lambobi biyun nan yake fitowa. Lambar Edward mai suna tana kai mutum ga rana, ga gari, ga wutar da aka shiga. Lambar 1917 da ba a zana wa suna ba, idan ta rabu da takardunta, ba wanda zai iya cewa ta wace ce, ko wace wuta ta shiga. Kuɗinta yakan faɗi, labarinta kuwa ya tafi ke nan. Ashe abin da mai tarawa yake saye shi ne sunan mutum da shaidar aikinsa, ƙarfen maɗauki ne kawai.

Ba kowa ya yarda da wannan ciniki ba. Wasu suna ganin jinin mutum bai kamata ya hau teburin gwanjo ba, Amurka ma ta hana sayar da babbar lambarta ta soja. Wasu kuma suna cewa masu tarawa ne suka tono sunayen da hukuma ta rufe lokacin yaƙi, su ne suka bi kaburbura da tsofaffin takardu har aka san ko su wane ne. Attajirin nan Lord Ashcroft, alal misali, ya tara lambobin jaruntaka masu yawa, aka baje su ga jama'a a gidan tarihin yaƙi na Landan daga 2010 zuwa 2025. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ba su yi gardama a kai ba shi ne, babbar asara ita ce lamba ta rabu da labarinta.

WAƊANDA BA A RATAYA WA KOME BA

Mai karatu a Mallawa ko Dungas yana iya cewa wannan labarin Turawa ne. Amma yaƙin ya taɓa ƙasar Hausa ta hanyar aiki kamar yadda ya taɓa ta ta hanyar soja. A farkon 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzar da take bukata domin gwangwani da kayan yaƙi. Sai ido ya koma kan tudun Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta kafa dokar aikin tilas, aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, ana kai su ramukan kuza su yi wata huɗu-huɗu. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000. Cikin 1943 kuzar da aka haƙo ta haura tan 17,000.

Mutanen da suka saba da zafin Kano da Katsina da Sakkwato suka sami kansu cikin sanyin Jos, babu isasshen abinci, babu bargo, babu ɗakin kirki. Ciwon huhu da gudawa da sauran cututtuka suka kashe da yawa, musamman a wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti. Wasu suka gudu. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, cikin 1944 aka soke dokar. Waɗanda suka rayu suka koma gona, babu lamba a ƙirji.

A wannan gefen iyaka ma ba a huta ba. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ba ta shiri da Ingila, aka tsananta tsaron iyaka tsakanin ƴan'uwa masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya. Ana karɓar gero da gyaɗa da dabbobi, ana ɗibar mutane aikin hanya da dako. Da yawa suka tsallaka kudu. Tun kafin wannan lokaci kuma, mutanen ƙasar Damagaram sukan tafi cin rani Kano da Jos. Aikin dole bai ƙare a ƙasashen da Faransa ke mulki ba sai da dokar 11 ga watan Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny.

Duk inda ake haƙar rami, rami yakan rufta, duk inda ya rufta kuma akan sami wanda ya shiga tono ɗan'uwansa. Mutumin Silvertown an buga sunansa cikin jaridar gwamnati, shi ya sa bayan shekara ɗari ana iya karanta abin da ya yi. Mutumin ramin kuza kuwa labarinsa yana bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuma suna tafiya. Waɗanda suka ga zamanin da idonsu sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka ji daga bakinsu, wato ƴaƴansu, su ne dattijan yau.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A nan aikin wanda ya yi yaƙi da jahilci yake. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ba ya bukatar izinin kowa kafin ya zauna gaban dattijon gidansu da ɗan littafi. Ya rubuta sunan kakan da sunan mahaifinsa da garinsu. Ya rubuta inda ya yi aiki, da wanda ya ɗebe shi, da tsawon zamansa. Idan ba a san shekara da lissafi ba, a kama ta da abin da aka sani: zamanin sarki wane, shekarar fara, shekarar yunwa. Ya rubuta sunan wanda ya ba da labarin da ranar da ya bayar, ya kuma bambanta abin da mutumin ya gani da abin da ya ji. Wannan shi ne abin da masu tarawa na Turai suke biyan kuɗi su samu, ga shi a nan kyauta.

Wanda ke da lamba a gida, ta soja ce ko ta farar hula, kada ya goge ta da yashi, kada ya huda ta, kada ya kai ta ga maƙerin fari a narkar. Ya ajiye ta wuri busasshe inda gara ba ta kaiwa, tare da littafin soja ko takardar shaida da ta zo da ita, domin takardar takan fi lambar muhimmanci. Yanzu da waya mai hoto ta shiga kowane ƙauye, sai a ɗauki hoton gaba da baya da gefe. Lamba ba ta rabuwa kamar gona, saboda haka ranar rabon gado ya kamata magada su daidaita a kan mutum guda mai amana wanda zai riƙe wa dangi. Idan kuwa larura ta kai ga sayarwa, a yi shawara da wanda ya sani tukuna, a kuma kwafe suna da labari a bar su a gida. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Magabata su ma suna da nasu rabon aiki. Magajin gari da sarakunan gargajiya suna iya buɗe littafi guda a ofis, inda kowane gida zai kawo sunan nasa. Malaman makaranta suna iya aiken yara su tambayo kakanninsu. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa cikin 1959, akwai ma'ajiyar takardun ƙasa, akwai kuma cibiyoyin IRSH da CELHTO waɗanda aikinsu ya haɗa da tattara tarihin baka. Takardun zamanin ɗiban gwamna kuwa, wanda ke nemansu sai ya nufi ma'ajiyar takardu ta Kaduna.

Maganar ba ta tsaya ga jiya ba. Nijar ta yau tana da ramukan ma'adinai a Arlit, da na gawayi a Anu Araren, da masana'antar siminti a Malbaza, da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe cikin 2011 arewa da birnin Damagaram. Cikin watan Mayu 2019 wata tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin sama na Yamai, fiye da mutum 50 suka mutu. Ranar 7 ga watan Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta a ƙasar Ɗan Isa, cikin jahar Maraɗi, ya kashe aƙalla mutum 18. Ƙasa tana da nata lambobin girma, irin su Ordre National du Niger da Ordre du Mérite du Niger. Amma lamba ba ta zuwa ga wanda ba a rubuta sunansa ba. Ma'aikacin hukuma da ya je wurin haɗari, bayan ya ƙidaya matattu da masu rauni, ya dace ya tambaya wa ya shiga ya fito da wa, ya sa cikin rahotonsa tun shaidu suna kusa.

Ya kamata kuma a tuna cewa kowace lamba daga cikin waɗanda aka ambata a sama an samo ta ne daga wurin da aka yi sakaci ko gaggawa. Da ba a kai aikin tace nakiya tsakiyar unguwar talakawa ba, da Andrea Angel ya koma ajinsa a Oxford, da mutum 73 sun kwana a gidajensu. Rigakafi ya fi magani, shugaban masana'anta nagari shi ne wanda bai bar wa ma'aikatansa dalilin zama jarumai ba. Amma idan ƙaddara ta faɗa, aka sami wanda ya manta da kansa domin wani, mafi ƙanƙantar hakkinsa a kan jama'a shi ne a riƙe sunansa daidai. Wanda ke da tsohon akwati a ɗaka, ya buɗe shi tun dattijon da zai fassara abin da ke ciki yana nan.